Duwatsun da Ke Jiran Masu Su

Akwai ranar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita a aikin nan, ranar da aka buɗe allon tarihinmu na farko da guduma maimakon almakashi. Ku da kuka zo bayanmu kuna yawan tambayata me ya sa ba na barin motar magina ta tashi sai ina cikinta, ko da a kan buhun siminti zan zauna. To, ga dalilin.

A shekarar da aka sauya wa jiharmu suna ta koma Kaduna abin ya faru. Ban daɗe da gama makaranta ba aka ɗauke ni mataimakiyar jami'in al'adu, a wani ɗan ofishi mai ɗaki biyu a Kafanchan. Ina zaman gwaji a lokacin, wato ba a tabbatar da ni ba tukuna, kuma rahoton shugabana ne zai tsayar da ni ko ya mai da ni gida. Shugaban nawa Mista Ayuba ne, mutumin kirki mai tsananin son ƙa'ida, wanda ko kujera ba ya bari a matsar sai an faɗi dalili. Teburina yana bakin taga. Daga nan nakan ji kukan jirgin ƙasa, in hango duwatsun Kagoro da gajimare kwance a kansu kamar audugar da aka shanya. Sau da yawa sai in ji an ƙwanƙwasa tebur: "Malama Rifkatu, ki sauko daga kan dutsen nan, akwai aiki a ƙasa."

Aikin da aka ba mu shi ne kafa alluna a bakin hanyoyi, a wuraren da ke da tarihi, don matafiyi ya tsaya ya san inda yake. Hannu uku ake yi wa kowane allo. Ni nake zuwa in zauna da tsofaffi in ji labari, in taƙaita shi. Mai fenti a cikin gari ya rubuta shi a kan allon ƙarfe. Magina daga sashen ayyuka kuma su je su gina ginshiƙin dutse da siminti, tsayin ƙirjin mutum, wanda za a ɗaure allon a kansa. Idan an gama, babban Sakatare, wanda duk sassan nan suke ƙarƙashinsa, ya zo ya yanke ƙyalle, ya sa hannu cewa ya karɓi aiki. Daga wannan sa hannun gini ya zama kayan gwamnati. Abin da ba wanda ya lura da shi a lokacin shi ne, hannayen nan uku ba sa haɗuwa. Kowa yana yin nasa ya wuce.

Wurin farko da aka tura ni wani ƙauye ne a kan hanyar Godogodo. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don su ba, don mu. A inda 'yar hanyar ƙafa ta ƙauyen ta haɗu da babban titi akwai tsohuwar bishiyar mangwaro, a gindinta kuma tarin duwatsu da ya kai ƙugun mutum. Mata biyu na tarar suna kasuwarsu a inuwar. Ɗaya Kaka Talatu ce, 'yar asalin wurin, shugabar zumuntar mata a majami'arsu, tana sayar da busasshiyar citta. Ɗayar Inna Mairo mai kunu da ƙosai, wadda kakanninta fatake ne da suka zauna a garin tun da daɗewa. Aminan juna ne, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Kaka Talatu ce ta fara. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, ba ruwanta da namiji da mace.

"Yarinya na, ki rubuta da kyau. Lokacin da an kawo reluwe, an kwashe maza an tafi da su aikin layi, wasu kuma aikin kuza. Ba wasiƙa, ba labari. Shi ne iyaye sun ce, kowa zai tafi, ya zaɓi dutse na shi ya ajiye a nan. Ranar da ya dawo, kafin ya taka hanyar gida, ya ɗauki abin shi da hannu na shi, ya kai wa maman shi ta sa a ƙarƙashin randa."

"Reluwe na jiya-jiyan nan?" in ji Inna Mairo. "Malama, kada ki biye mata. Kakanninmu masu jakuna suka fara, tun ba a san ƙarfe yana tafiya ba."

"Jakuna na ku sun iya ajiye dutse?"

"Sun fi wasu mazan hankali dai."

Na tambaya, to idan mutum ya mutu a can fa? A nan ba su yi gardama ba, karo na farko. Sai Inna Mairo ta ce danginsa ne suke zuwa su ɗauke dutsen su binne. Wato duk dutsen da ke cikin tarin nan, mai shi yana wani wuri a duniya, kuma akwai wanda ke sauraren zuwansa. Kirista da Musulmi duka suna yi. Ba wanda yake yi wa duwatsun yanka ko roƙo. Kaka Talatu ta nuna mini wani baƙi mai faɗi kamar tafin takalmi, ta ce na ɗanta Bitrus ne da ya shiga soja. Inna Mairo ta nuna wani jan ƙato da haɓarta, ta ce na maigidanta Tanko ne, wanda ya bi motar citta zuwa Legas, tun daga nan sai gaisuwa kawai yake aikowa.

Na dawo ofis zuciyata cike. Na rubuta shafi biyu, da farin wata a ciki, da idanun uwaye, da raɓar asuba a kan duwatsu. Mista Ayuba ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Malama, yana da daɗi. Amma direban da ya ɗauko lodin doya ba zai taka birki don farin wata ba. Layi huɗu allon yake ci."

Na sha wuya kafin in rage, amma abin da ya saura na fi son sa da na farkon. Ga shi: "Duk mai tafiya nesa daga garin nan yakan ajiye dutse a nan. Ran da ya dawo ya ɗauki abinsa. Wasu sun ce da zuwan reluwe aka fara, wasu sun ce tun zamanin fatake. Wannan tarin da kake gani, mutanen da ake jira ne." Aka kai wa mai fenti. Aka kuma aika wa sashen ayyuka takardar aiki, wadda ba ta ce komai ba sai wurin da za a yi gini, gefen dama na titi, gindin mangwaro, da tsayi da faɗi.

A nan sai in yi muku bayanin wata al'ada ta magina. Sito yana ba su siminti da yashi, amma ba ya ba su dutse, don a ƙasarmu dutse ba abin da ake ɗauko wa mota ba ne. Duk inda aka je, a nema a wurin. Shugabansu, wanda muke kira heluma, Malam Sale ne, dattijo mai alfahari da hannunsa. Kuma sai aka yi dace, ko rashin dace, suka je ranar kasuwar Godogodo, ranar da ƙauyen yake watsewa, har masu kasuwar gindin mangwaro ba sa nan.

Da yamma sai ga Malam Sale a ofishinmu, hularsa a ƙeya, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Malama, wallahi mutanen ƙauyen nan naki 'yan albarka ne. Shekara da shekaru ina aikin gwamnati, ban taɓa zuwa inda aka tara mana duwatsu tun kafin mu iso ba. Zaɓaɓɓu, wankakku, ba wanda ya yi kama da wani. Kafin la'asar mun gama. In kin je ki miƙa musu godiyata."

Alƙalamina ya faɗi ƙasa. Mista Ayuba ya leƙo daga ɗakinsa, ya dube ni, ya dubi heluma, ya koma ya rufe ƙofa a hankali.

Ba a samu motar ofis ba sai bayan 'yan kwanaki. Ƙarshen damina ne, sama tana ta zubar da ragowar ruwanta, ciyawa ta fi mutum tsayi a gefen titi. Da muka iso, gaskiya sai da na tsaya kallon ginshiƙin. Ban taɓa ganin gini mai kyau irinsa ba. Ja da baƙi da fari da mai walƙiya, Malam Sale ya jera mafi kyawun a fuska, kamar tsakiyar wuyan amarya. A gindinsa ba abin da ya rage na tarin sai tsakuwa.

A ƙarƙashin mangwaron kuma ga wata 'yar bukka ta zana, an rufe samanta da rigar ruwa irin ta soja. A bakinta wani dogon mutum yana zaune a kan akwatin ƙarfe yana goge takalmi. Yana ganin motar gwamnati ya miƙe ya ƙame.

"Kofur Bitrus, Madam. An sallame ni, na dawo gida." Ya dubi ginshiƙin. "Wato na kusa dawowa."

Ashe ɗan Kaka Talatu ne. Washegarin ranar da aka yi ginin shi kuma ya sauka daga mota, bayan shekaru ba a gan shi ba. Ya je ɗaukar dutsensa, ya tarar da shi a fuskar ginshiƙi, daidai gwiwa, siminti ya riƙe shi ta kowane gefe. Daga inda yake tsaye ana hango jinkar ɗakin uwarsa da hayaƙin murhunta. Amma Kaka Talatu ta ce ƙafarsa ba za ta taka hanyar gida ba.

"Na ce mata, Mama, ga shi na taɓa, da hannu biyu ma. Ta ce taɓawa ba ɗauka ba ne. Madam, na yi yaƙi, na ƙetare ruwa da bindiga a ka, ba abin da ya tsare ni. Yau ga ni siminti buhu ɗaya ya yi mini shingen hanya."

Na ce me ya hana shi samun cizal ya cire abinsa? Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Kayan gwamnati? Ba oda? Haba Madam. Dagaci ma ya ce duk wanda ya taɓa, shi zai amsa. Ki kawo mini oda kawai, ko ta baki ce."

Muna cikin haka sai ga Kaka Talatu da kwanon tuwon acca a ka, miyar karkashi tana ƙamshi. Ta ajiye a gabansa, ta gyara masa zanar da iska ta karkatar, ta taɓa goshinsa ta ji ko da zazzaɓi. Amma na lura da abu guda. Ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Inna Mairo ta raɗa mini cewa tun ranar da ya sauka ba ta faɗa ba, kuma ta hana kowa faɗa. Mutumin da bai ɗauki dutsensa ba, bai iso ba tukuna.

Kafin in buɗe baki mata sun kewaye ni. Wannan ta ce mun gine mijinta da ke Jos, wannan ta ce 'yarta tana koyon aikin jinya a Zariya, yaya za ta yi ran da ta gama? Ni dai haƙuri nake ta bayarwa. Inna Mairo ce kaɗai ba ta da ƙara.

"Ni nawa ku bar shi a ciki, Malama. In da sauran siminti ma a ƙara masa. Yau dai na san inda yake kwana."

Fasto ma ya zo a kan kekensa, ashe ba zuwansa na farko ba ke nan. Ya ce, "Mama, ke ce fa shugabar zumunta. Wannan abu ba ya cikin Littafi. Ki bar bawan Allah ya shiga daga cikin ruwan nan."

"Fasto, ni ban ce yana cikin Littafi ba. Shan kunu da safe ma ba shi ciki, amma ban ga ka bari ba."

Fasto ya karɓi ƙoƙon kunun da Inna Mairo ta miƙo masa.

Da mutane suka ragu na zauna kusa da Kaka Talatu. Na ce, "Kaka, laifinmu ne, ba nasa ba. Sauro yana cinsa a nan."

Ta dubi ginshiƙin ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Lokacin yaƙi, an kawo labari wai ya mutu. 'Yan'uwan baban shi sun zo za su ɗauki dutsen su binne. Na zo na zauna a kai. Na ce sai dai ku binne da ni. An sake kawo labari, na sake zama. Kullum in zan tafi gida da yamma, ina gaya wa dutsen, sai gobe. Yarinya na, ba tsoron komai nake yi ba. Ina so ne ido na ya ga hannun shi ya ɗaga dutsen nan. Shi ke nan abin da na roƙi Ubangiji."

Daga nan muka koma Kafanchan.

Mista Ayuba ya saurare ni sosai, har ya cire tabarau sau biyu. Amma ya ce ba shi da ikon ba da oda, gini na sashen ayyuka ne. Na je sashen ayyuka, suka ce su sun gama, an auna, ya yi daidai da takarda, kuma rushe ginin da ba shi da aibu sai da izinin Sakatare. Na tambayi yadda ake neman izinin. Aka ce a buɗe fayil, ya bi tebur-tebur, in Allah ya so kafin wata damina a ji amsa. Ga shi kuma an riga an sa ranar buɗe allon, an gayyaci baƙi.

Malam Sale da ya ji abin da ya faru, da farko faɗa ya kama. "Ni magini ne, ba mai duba ba. Wa ya gaya mini? Dutse dai dutse ne." Washegari kuma sai ga shi da shawara: zai cika tifa da duwatsun rafi ya juye a gindin mangwaro, tari ya dawo har ya fi na da. Na kai wa Kaka Talatu wannan magana. Ta ce, "Duwatsun da ba su san kowa ba? Wa za su jira?" Da na maimaita wa heluma amsarta, ya zauna a bakin baranda ya daɗe yana juya hularsa.

Ana gobe biki Mista Ayuba ya kira ni. "Malama, a bari a yi taron nan lafiya, daga baya mu bi ta fayil. In wani ya tambaye ki, ki ce an adana duwatsun wuri guda don kada su ɓata. Ai ba ƙarya ba ce." Ya ɗan yi tari. "Kuma ki tuna ban rubuta rahotonki ba tukuna." Ba barazana yake yi ba. Tsoro yake ji, nasa da nawa.

Ranar ta zo da rana mai kyau bayan ruwan safe. An ɗaure allon a kan ginshiƙi an lulluɓe shi da farin yadi, an ja ƙyalle a gaba, almakashi yana kan faranti. Dagaci ya zo, Fasto da Liman suna zaune a benci ɗaya, matan zumunta suna kiɗan tulu suna waƙa. Jama'a ta fi yadda muka zata nesa ba kusa ba, har Mista Ayuba ya fara murna. An ce wa Kofur ya ɗauke bukkarsa, ya ce ba shi da inda zai kai ta, don haka aka jera kujerun manya a gabanta don a ɓoye ta.

Sakatare mutum ne mai jiki da fara'a, mai son jin muryarsa. Bai jira a karanta masa ba. Ya yaye yadin da kansa, ya dafa ginshiƙin da gwiwar hannu ya jingina, ya karanta da ƙarfi, yana jan kowace kalma. Da ya kai ƙarshe ya maimaita: "Wannan tarin da kake gani, mutanen da ake jira ne. Kai, madalla! Wa ya rubuta wannan?"

Aka nuna ni. Ya gyaɗa kai. Sannan ya dubi dama, ya dubi hagu, ya leƙa bayan mangwaro.

"To, ina tarin?"

Kiɗan tulu ya tsaya. Mista Ayuba ya kama tari. Ni kuwa maganar da aka koya mini tana bakina, a shirye, an adana su wuri guda. Sai idona ya faɗa kan Kaka Talatu a cikin matan zumunta. Ba ni take kallo ba, baƙin dutsen nan take kallo, wanda bakin rigar Sakatare yake shafa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kana jingine da shi."

Ban taɓa ganin mai jiki ya yi tsalle irin wannan ba. Ya ja da baya yana kakkaɓe hannun riga, har na ji ya ce wa ginshiƙin, "Ku gafarce ni." Inna Mairo ce ta fara fashewa da dariya, sai wuri ya ɗauka, har Liman yana share ido. Kafin a natsu sai muka ji takun takalmi. Kofur Bitrus ya fito daga bayan kujerun manya cikin tsohon kakinsa, ya yi maci har gaban Sakatare, ya buga ƙafa ya sara.

"Kofur Bitrus, Yallaɓai! Ina neman izinin ɗaukar dutsena in shiga gidanmu, Yallaɓai!"

Sakatare ya sa na yi masa bayani tun daga farko, a gaban kowa. Na faɗa duka, har da zaman da Kaka ta yi a kan dutsen. Da na gama ba mai dariya. Ya dubi bukkar, ya dubi tsohuwar, sannan ya juya ga shugabana.

"Mista Ayuba, na sa hannu na karɓi aikin nan?"

"Tukuna, ranka ya daɗe. Sai an yanke ƙyalle."

"To ban karɓa ba. A gyara."

Da kun ga fuskar Mista Ayuba! Rushewa ce take bukatar fayil. Gyaran aikin da ba a karɓa ba kuwa, ƙa'ida ta yarda a yi shi nan take. Har ya ɗaga yatsa yana cewa, "Haka ne, ranka ya daɗe, akwai wannan, akwai!" kamar wanda ya tsinci ɗan'uwansa a tasha.

Ashe Malam Sale ya taho da jakar kayan aikinsa, bai gaya wa kowa ba. Aka kwance allon aka jingine. Aka ajiye almakashi, aka ɗora guduma a kan farantin, aka miƙa wa Sakatare. Ya kai wa kan ginshiƙin bugu ɗaya, wani ɗan guntun siminti ya faɗo, jama'a ta yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Daga nan heluma ya karɓa.

"A ba ni wuri. Ni na ɗora su, ni na san yadda kowa ya kwanta."

Daga sama ya fara, da cizal, a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jinjiri. Duk dutsen da ya fito sai ya ɗaga shi, wata murya daga cikin taro ta ce, "Na Yakubu ne!" ko "Na Hansatu ne, a yi hankali!" sai a mai da shi gindin mangwaro. Da aka zo kan jan ƙaton nan, heluma ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, an ce kin ce a bar wannan."

"Ban je Makka ba, kuma ban ce ka fasa shi ba," in ji Inna Mairo. Ta karɓe shi da kanta, ta goge shi da bakin zane, tana mita. Amma ta hana a kankare dunƙulen simintin da ya manne masa. Ta ce ran da Tanko ya dawo, ya ji nauyin abin da ya yi.

Rana ta karkata kafin a kai gwiwar ginshiƙi. Sakatare bai tafi ba, yana zaune da ƙosai a takarda. Da aka zo kan baƙin dutsen, Malam Sale ya sassaƙe simintin kewaye da shi har ya fara motsi, sannan ya janye hannunsa ya matsa gefe.

"Kofur, wannan ba nawa ba ne."

Bitrus ya cire hula. Ya durƙusa, ya sa hannu biyu, ya ja. Dutsen ya fito. Ya miƙe da shi a ƙirji, wannan dogon mutum, ya rasa inda zai kalla. Kaka Talatu ta taho a hankali har gabansa, ta ɗaga kai ta dube shi kamar yanzu ya sauka daga mota.

"Bitrus. Sannu da zuwa. Yaya hanya?"

"Lafiya, Mama," in ji shi. "Sai dai ƙarshenta ya yi tsawo."

Ta juya ta kama hanyar ƙafa, ya bi bayanta da dutsensa, matan zumunta suka bi su da waƙa. Akwatinsa ma mantawa ya yi da shi, sai Fasto ne ya ɗora a keke.

A hanyarmu ta komawa Malam Sale ya ce, "Tun ina saurayi nake ɗora dutse a kan dutse. Ban taɓa gina mutane ba sai wannan karo." Bayan an tabbatar da ni ne na ga abin da Mista Ayuba ya rubuta a rahotona: "Tana yawan kallon taga, amma in an yi tambaya tana amsawa."

Allon yana nan har yanzu, a kan ƙafafun ƙarfe biyu, ɗan nesa da tarin. Tun daga ranar ba a sake tura magina wurin tarihi ba sai da wanda ya ji labarin da kunnensa, kuma kafin a kwaɓa siminti sai an karanta musu abin da allon zai ce. Malam Sale da kansa yake tsayar da aiki ya ce, "Malama, karanto mana tukuna, mu ji ko da mutane a wurin."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mu masu alluna mukan ɗauka tarihi abu ne da ya riga ya wuce, mu kuma mun zo mu sa masa alama. Amma sau da yawa abin da muka zo rubutawa bai gama faruwa ba, masu shi suna tsaye a gefenmu da kwanon tuwo a ka. Kafin ku kafa komai a wuri, ku tambayi wa yake amfani da shi yau.

In hanya ta bi da ku ta wajen, ku ce direba ya tsaya, ku sha kunun Inna Mairo, ku dubi tarin da kyau. Duwatsun da ke da guntun siminti a jikinsu, masu su sun tafi tun kafin zuwanmu. Duk sanda na wuce nakan leƙa ta taga, kuma kowane karo sai in ga masu simintin sun ragu.